Babi na Shida: Hadarin Gabas da Sanyin da Ke Bisa Kansa

Duk wanda ya taɓa zama a Matamaye a ƙarshen Afrilu, sa'ad da bazara ta kai maƙura, rairayin hanya ya hana yaro taka shi ba takalmi, ma'aunin zafi kuwa ya riƙa haye digiri 40 kusan kowace azahar, zai yi wuya ya gaskata wanda ya ce masa a wannan sa'ar, bisa kansa sak, a tsayin kilomita 17, watau wajen kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar Matamaye zuwa Damagaram, akwai iskar da sanyinta ya kusa digiri 80 ƙasa da sifiri. Abin da ya fi wannan ban al'ajabi shi ne, da za a hau zuwa wannan tsayi a bisa Faransa ko Rasha, ƙasashen da muka sani da dusar ƙanƙara, da sai a tarar iskarsu ta fi tamu ɗumi da digiri 20 ko fiye. Ƙasashen zafi su ne masu sararin da ya fi sanyi, kuma maƙasudin wannan babi shi ne bayyana yadda zafinmu ya haifi wancan sanyi, da yadda hadarin da manomi yake duba ta gabas ya zama shi ne mai kai da kawowa tsakanin biyun.

Manomin ƙasar Kance ba ya bukatar na'ura kafin ya yarda da akwai sanyi a sama, domin wata shekara, a ruwan farko-farko, hadari yakan zo da ƙanƙara, ta yayyage ganyen rake a fadamun Dungu, ta kashe ƴan tsaki, yara su fita da kwanoni suna tsinta suna tsotsa, alhali kuwa sa'a biyu kafin nan manya gumi suke sharewa a gindin bishiya. Ruwan da ya daskare har ya iso ƙasa bai narke ba lalle daga wuri mai tsananin sanyi ya fito.

Malaman da, Allah Ya jiƙansu, ba su gafala daga wannan mas'ala ba. Jama'ar nan ta masu hikima da aka sani da Ikhwanus Safa, waɗanda suka rubuta risalolinsu a Basra cikin ƙarni na 10 na Miladiyya, sun kasa iska ɗabaƙa uku, ta ƙasa mai daɗin shaƙa wadda suka kira nasim, ta tsakiya mai matsanancin sanyi wadda suka kira zamharir, da ta can bisa mai zafi. Suka kuma kawo dalilin da har yau ba a rushe shi ba, cewa iskar da ke kusa da mu daga doron ƙasa take samun ɗuminta bayan rana ta buge shi, saboda haka gwargwadon nisanta da ƙasa gwargwadon sanyinta. Bayan su da ƙarni guda, alƙalin birnin Jayyan a Andalus, Ibnu Mu'azu, ya ɗauki abin da kowane ladan yake lura da shi, watau jinkirin ɓacewar shafaƙi bayan faɗuwar rana da ketowar alfijir kafin hudowarta, ya yi hisabi da shi, ya ce iskar da ke mayar mana da wannan haske tana kaiwa tsayin da a awonmu na yau ya ɗan haye kilomita 80. Ijtihadi ne na hankali tsantsa, abin da kawai ya rage musu shi ne ma'aunin da za a aika can ya komo da labari.

Wannan ya samu ne a hannun wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, wanda ya yi shekaru yana sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi daga garin Trappes kusa da Paris, galibi da dare don kada rana ta ruɗi ma'aunin, har adadinsu ya wuce 200. Ya ga zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi a kowace kilomita, kamar yadda kowa ya zata, amma da an kai kilomita 11 sai raguwar ta tsaya cik. A 1902 ya bayyana wa masana cewa sararin nan hawa biyu ne, Bajamushe Richard Assmann kuma ya zo da irin wannan sakamako a cikin ƴan kwanakin. Ɗabaƙar ƙasa, wadda gajimare da ruwa da guguwa suke cikinta, ita ake kira tirofosfiya. Ta bisanta, wadda iskarta ke kwance ba ta hautsinawa, sitiratosfiya, kuma daga baya aka gane cewa ita wannan tana ƙara ɗumi ne in ana hawa, har ta kusa sifiri a kilomita 50, saboda iskar ozon da ke cikinta tana shanye wani sashe na hasken rana mai ƙuna. Da Arthur Berson ya kai irin wannan bincike Tabkin Biktoriya a 1908, sai ya tarar a tsakiyar Afirka haddin da ke tsakanin ɗabaƙun biyu ya ɗaga ƙwarai, sanyi yana ta ƙaruwa har bayan kilomita 16, ya zarce digiri 80 ƙasa da sifiri.

To, me ya ɗaga haddin a bisa kanmu, ya bar shi kusa a bisa kansu? Amsar tana cikin randa. Kowace mace ta san randar ƙasa tana sanyaya ruwa, tulun roba ba ya yi, kuma dalili shi ne ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa, in zai bushe ya bi iska, sai ya tafi da zafi, ya bar na ciki da sanyi. Wannan zafin bai ɓace ba, yana ɓoye ne cikin tururin, kuma ranar da tururin ya koma ruwa, a duk inda yake, sai ya saki amanar da ya ɗauka ba ragi. Amanar kuwa ba ƙarama ba ce, gama zafin da ake bukata a mayar da lita guda ta ruwa tururi ya ninka sau biyar da ɗoriya zafin da zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Yanzu mai karatu ya auna: ruwan milimita 30, wanda manomi zai ce an sami ruwan shuka mai kyau, lita 300,000 ne a kan eka guda ta awon hekta, Matamaye kuwa takan sami wajen milimita 500 zuwa 600 a daminar tsaka-tsaki. Duk wannan ruwa rana ce ta ɗebe shi daga Tekun Gini da dazuzzukan kudu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, iskar kudu maso yamma ta kawo shi nan yana tururi, kuma duk zafin da aka ɗebe shi da shi a cikin gajimaren da ke bisa gonakinmu aka sauke shi.

Yadda ake sauke shi abu ne da muke kallo kowace damina. Iskar da ke kawo laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadarin da ake dogara da shi daga gabas yake fitowa, domin a tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata kakkarfar iska mai tafiya yamma, ita ke tuƙa shi. Da la'asar sakaliya sai ka ga gabas ta haɗe, iska ta ɗauke, zafi ya yi nauyi har tsuntsaye su yi shiru, can sai jar ƙura ta tokare sama, ka ji uwar gida tana kiran yara, “Ku kwashe shanya, ku kora awaki!”, mai gida yana danne jinkar rumbu, ƙofofin kwano suna bugawa. Sa'an nan wata iska mai sanyi ta keto gari, a cikin ƴan mintoci zafi ya faɗi da digiri 10 ko fiye, kafin ɗigon farko ya sauka. Wannan iska mai sanyi daga cikin hadarin ta sauko, ruwan da ya bushe a cikinta ne ya sanyaya ta, kuma da ta bazu a ƙasa sai ta shiga ƙarƙashin iska mai ɗumi da laima da ke gabanta ta cira ta sama, ta haka hadari yake haifar kansa da kansa yana tafiya, jere guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a, daga duwatsun Azbin ko tudun Jos ko Darfur har wani lokaci ya faɗa Tekun Atilantika. Mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara daga irin waɗannan manyan hadura ƴan ƙalilan yake fitowa.

Ita kuwa iskar da aka cira, in tana hawa nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe, buɗewar ta sanyaya ta, tururinta ya zama ɗigo, ɗigon ya saki ɓoyayyen zafinsa. Wannan zafi ya sa ta fi maƙwabciyarta sauƙi, sai ta ƙara hawa, ta ƙara zubar da ruwa, har ɗigon ya daskare ya saki wani zafin kuma. A 1958 Herbert Riehl da Joanne Malkus suka yi lissafi suka nuna cewa zafin ƙasashen tsakiyar duniya ba a hankali yake tsiyayawa sama ta ko'ina ba, ta cikin irin waɗannan dogayen gajimare yake hawa, dubbai kaɗan a kowane lokaci a duniya duka, daga can kuma ya bazu arewa da kudu. Saboda haka hadari yana ɗumama sararin da ke tsakanin kilomita 5 da 12 ko 13. Amma a can ƙololuwa aikinsa ya juya. Iskar da ta riga ta zubar da ruwanta ba ta da sauran zafin da za ta saki, ƙarfin gudunta kaɗai ke ƙara tura ta, tana sanyi da kusan digiri 10 a kowace kilomita, har ta fi abin da ke kewaye da ita sanyi, ta yi nauyi, ta tsaya, kan gajimaren ya baje fari fat, irin wanda ake hangowa daga nesa rana tana haska shi bayan ƙasa ta yi duhu. Gwargwadon ƙarfin hadari gwargwadon tsayin da ya kai, gwargwadon tsayin kuwa gwargwadon sanyin. Ƙasashen da haduransu ba su da laima da zafin da za su kai su can, haddinsu ya tsaya kusa bai yi sanyi sosai ba.

Wannan haddi mai sanyi yana da wata hidima da yake yi wa duniya duka, kuma a ganina ita ce mafi girman hikimar da ke cikin wannan babi. A shekarun yaƙin duniya na biyu wani masani a Ingila, Alan Brewer, yana auna laimar iska daga jirgin sama, ya ga da an tsallaka zuwa ɗabaƙa ta biyu iskar ta bushe ƙayau, bushewar da sanyin samaniyar Ingila bai isa ya haddasa ba, tun da iska tana zubar da laimarta ne gwargwadon sanyin da ta ratsa. A 1949 ya yanke cewa wannan iskar ba daga ƙasan Ingila ta hau ba. Tilas ta bi ta wata ƙofa mai sanyin digiri 80, inda kusan duk tururinta ya daskare ya faɗo, ƙofar nan kuwa babu ita sai a bisa ƙasashen zafi. Watau iska tana shiga sitiratosfiya ta bisa kanmu da kan Kwango da Amazon da tsibiran Indunusiya, ta yi tafiyar shekaru zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, ta sauka can. Abin da ya tsira na tururi bai wuce kashi 4 ko 5 cikin miliyan ba, amma ɗan wannan yana da tasiri, domin tururi yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa. In ƙofar ta ƙara sanyi da digiri guda, iskar ta ƙara bushewa, in ta yi ɗumi laima ta kutsa. An lura bayan shekarar 2000 tururin can ya ragu da wajen kashi 10 cikin ɗari, Susan Solomon da abokan aikinta kuma suka nuna a 2010 cewa wannan raguwa ta ɗan sassauta saurin ɗumamar doron ƙasa a shekarun da suka biyo baya.

Ƙasarmu ta ba da nata rabon wajen tahaƙiƙin waɗannan al'amura. A daminar 2006, ƙarƙashin babban binciken damunar Afirka ta Yamma da aka kira AMMA, an saki balan-balan daga Yamai ɗauke da na'urori masu gane laima da ƙwayoyin ƙanƙara, wani jirgin Rasha mai suna Geophysica, wanda ke iya hawa kilomita 20, ya riƙa tashi daga Wagadugu, aka kuwa tarar da garin ƙanƙara a bisa haddin, shaidar cewa haduran Sahel mafiya ƙarfi sukan huda ƙofar su watsa ruwa a inda aka zaci ba ya isa. Haduran tudu irin namu sun fi na teku yin haka, domin ƙasa tana zafi da rana fiye da ruwa, hawan iskarta ya fi tsanani. A ƙarshen Agusta da Satumba na wannan shekara kuma, daga Damagaram, masana na Faransa da Amurka suka saki manyan balan-balan takwas waɗanda ba a yi su don su fashe ba. Kowanne ya hau wajen kilomita 20 ya tsaya, iskar gabas ta can ta ɗauke shi ya bi bayan hadura zuwa yamma, yana sako ƙananan ma'aunai masu lema ɗaya bayan ɗaya, suna auna zafi da laima da iska tun daga sama har ƙasa, wasu har tsakiyar Atilantika. Dalilin wannan ɗawainiya shi ne iskar gabas ɗin nan mai tuƙa hadari tana yin lanƙwasa kowane kwana 3 zuwa 5, abin da ya sa manomi yakan ga ruwa yana zuwa da tazara a tsakiyar damina, kuma daga waɗannan lanƙwashe-lanƙwashe ne mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa Karibiyan da Amurka suke tsirowa.

Hadari ba zafi kaɗai yake aikawa sama ba. Sa'ad da ya bugi ɗabaƙar da ke kwance a bisansa, yakan tayar da igiyoyin motsi waɗanda ke hawa cikinta, kuma labarin gano aikinsu ya ɗauki fiye da shekara 80. Da dutsen Karakatawa na Indunusiya ya yi aman wuta a Agustan 1883, tokarsa ta hau can ta kewaye duniya cikin kusan mako biyu tana tafiya yamma, masana suka rubuta cewa iskar sitiratosfiya a tsakiyar duniya daga gabas take busawa. Berson kuwa a 1908 ya ga balan-balan ɗinsa suna tafiya gabas. Aka yi shekaru ana neman sulhunta riwayoyin biyu, sai a 1960 da 1961 Richard Reed a Amurka, da Veryard da Ebdon a Ingila, suka duba awon shekaru a jere suka ga kowa ya faɗi gaskiya: iskar juyawa take yi, ta busa daga gabas fiye da shekara, sa'an nan daga yamma, zagaye guda wajen wata 28, kowane sabon juyi yana farawa daga sama ya sauko da kimanin kilomita guda a wata. Ba rana ke juya ta ba, ba wata ba, tun da wata 28 bai dace da lissafin ko ɗayansu ba. Richard Lindzen da James Holton ne suka nuna a 1968 cewa igiyoyin da haduran ƙasashen zafi ke tayarwa su ne ke tura ta, wasu gabas wasu yamma, bi da bi. Tare da juyin, zafin wannan ɗabaƙa yana hawa da sauka da digiri 3 zuwa 4 a bisa layin tsakiyar duniya, ƙofar Brewer tana ɗan buɗewa tana ɗan tsukewa. Matamaye, da take digiri 13 arewa da layin, a gefen wannan kogin iska take. Juyin ya kiyaye ƙa'idarsa tun fara awo a 1953 har Fabrairun 2016, lokacin da ya saɓa a karo na farko.

Akwai kuma wani zagaye wanda ya fi kusa da zuciyar manomi. Malamanmu masu lissafin manzilolin taurari 28, kowane da kwana 13, sun san tsakiyar damina tana faɗowa wajen Nasara da Ɗarfa da Jabha. Amma kowa ya ga shekarar da tauraro ya kama, gero ya fara bununi, ruwa kuwa ya ɗauke mako biyu ko uku, ganye ya naɗe, liman ya fita da jama'a bayan gari roƙon ruwa, sa'an nan ruwan ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Ɗaya daga cikin sabubban irin wannan tsaiko, ko da yake ba shi kaɗai ba ne, an gano shi a wani ɗan tsibiri mai suna Kanton a tsakiyar Tekun Fasifik. A 1971 Roland Madden da Paul Julian suka bi awon balan-balan na kusan shekara goma daga can, suka ga iska da nauyinta suna kai da komowa kowane kwana 40 zuwa 50. Asalin abin wani gagarumin taron hadura ne da ke haɗuwa a Tekun Indiya, ya yi tafiya gabas sannu a hankali zuwa Fasifik ya mutu, wani ya sake tasowa; inda yake iska tana hawa, haddin da ke bisansa ya ƙara sanyi, nesa da shi kuwa iskar da ta hau dole ta sauko, saukowarta ta ɗumama ta, ta busar da ita, ta danne gajimare. Saƙonsa yakan iso Afirka ta Yamma, ya ƙarfafa damina wasu makonni ya raunana ta wasu.

Hannun wannan taron hadura yana kaiwa har ƙuryar arewa. A 1952 Richard Scherhag ya ga sitiratosfiyar da ke bisa Berlin ta yi zafi farat ɗaya a tsakiyar hunturu, daga baya aka san cewa a wasu shekaru iskar da ke kewaya ƙuryar arewa takan wargaje, zafin can ya hau da digiri 40 ko 50 cikin ƴan kwanaki. Igiyoyin da ke wargaza ta, wasunsu daga haduran Fasifik suke samo ƙarfi. A farkon 2018 taron haduran nan ya yi ƙarfi ƙwarai a yammacin Fasifik, cikin Fabrairu samaniyar arewa ta yi zafi, kafin ƙarshen watan kuwa iskar Saberiya ta rufe Turai da sanyi mai kisa.

Zagayen shekaru kuwa, watau ɗumamar gabashin Fasifik da ake kira El Nino, wadda ke dawowa kowace shekara 2 zuwa 7, takan ɗumama ɗabaƙar ƙasa a duk faɗin ƙasashen zafi ta sanyaya gindin ta biyu. In sama ta yi ɗumi kuwa iskar ƙasa ba ta samun sauƙin hawa, iskar gabas ta kilomita 12 zuwa 15, wadda ke tasowa daga damunar Indiya tana taimakon haduranmu, ita ma takan raunana. Farin 1972 da na 1983 sun zo tare da shi. Na 1984, wanda dattawan Matamaye ba su manta da shi ba, ya zo bayan wucewarsa, wannan kuwa ya isa ya hana mu ɗora wa sababi guda alhakin kowace yunwa. Kuma tasirin ba daga gare mu kaɗai yake fita ba: haddin da ke bisa ƙasashen zafi ya fi sanyi a Janairu da Fabrairu, ya fi ɗumi a Yuli da Agusta, da bambancin digiri kaɗan, dalili kuwa igiyoyin hunturun Turai da Asiya ne ke jan iskar sama da ƙarfi a lokacin, su sa ta hau da sauri ta ƙara sanyi.

Amfanin wannan sani ga mai gona ya fi yadda ake zato kusa. Tauraron ɗan Adam na Meteosat, wanda aka fara harbawa a 1977, yana tsaye a nisan kilomita 36,000, kuma ba ruwa yake gani ba, zafin kan gajimare yake aunawa. Da yake sanyin kai shi ne shaidar tsayi, tsayi kuma shaidar ƙarfi, sai masana suka riƙa ƙiyasta ruwan da ya sauka a ƙauyen da ba shi da ma'auni daga yawan sa'o'in da gajimare mai sanyi ya yi a bisansa. Da irin wannan ƙiyasi cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari, take bin halin damina. Da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka tattara hotunan shekara 35, suka bayyana a 2017 cewa haduran Sahel masu kan da ya fi digiri 70 ƙasa da sifiri sanyi sun ninka sau uku tun 1982, suka danganta abin da ƙaruwar zafin Sahara, wadda ke ƙara wa iskar gabas mai tuƙa hadari ƙarfi. Ruwan shekara bai ninka haka ba. Zuwa yake yi a dunƙule, ya kwashe shuka, ya haƙa kwazazzabai, ya rushe gidajen ƙasa, kuma a daminar 2024 mai ambaliya tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi a farkon Satumba.

Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin mai ganin hoton da mai kwana a ɗakin ƙasa. Hoton yana sabuntuwa kowane ƴan mintoci, hadarin da kansa ya yi sanyi a bisa Gure da la'asar kuwa yana bukatar sa'a 3 ko 4 kafin ya iso Matamaye. Wannan lokaci ya isa a kaɗa dabbobi daga kwari, a buɗe magudanar ruwa, a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakin da bangonsa ya jiƙa, in har labarin ya fito daga ofishin masu lura da yanayi da Hausa, ya bi gidajen rediyon karkara da wayoyin hannu ya kai ga masu unguwa kafin magariba.